Mai Gyaran Kwandem

Shekaranjiya wani saurayi ya sauke injin ban ruwa daga bayan babur a ƙofar shagona da ke Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce in duba ko akwai abin cira a jikinsa in saya, domin injin ya yi kwandem. Na tambaye shi wa ya buɗe shi. Ya ce ba wanda ya buɗe, ja suka yi ta yi ya ƙi tashi, abokinsa kuma ya duba a waya ya tabbatar masa kwandem ne. Na kwance fulogi na kankare, na busa kafireto na fitar da yashin da ya toshe hanyar mai, na ja igiya, injin ya kama ruri har kajin maƙwabta suka watse. Saurayin ya yi dariya ya ce, "Ashe aikin ga ba shi da wuya, Baba Shehu." Da a gaban maigidana Malam Bawa ya faɗi haka, Allah ya jiƙansa, da sai ya sa shi ya kwance injin nan noti bayan noti ya mayar, sannan su zauna su yi maganar wuya.

Ku samarin yanzu, kalmar nan ta kwandem ba ta da nauyi a bakinku ko kaɗan. Turanci ce, haka aka gaya mini, ni ban yi nisa a boko ba. Malam Bawa ya yi leburanci a garejin gwamnati yana saurayi, ya ce can ya fara saninta, kuma da ido ya san ta kafin kunne. In mota ta tsufa, sai wani babban jami'i ya zo ya zagaya ta, ya rubuta kalmar da alli a jikin gilashi. Daga ranar ba mai sake sa mata sifana, sai jiran gwanjo. Ya ce mutum ɗaya ne a duk garejin yake da ikon rubuta ta, shi ma sai an buɗe masa inji ya leƙa da idonsa.

Daga can ta tsallako katanga ta shigo gari. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda kafintoci ke shafa wa katako saboda gara, kwandem. Batirin da ya daina riƙe wuta, kwandem. Tayar da ake yankawa a yi guga, ita ma haka. Duk waɗannan ba ni da ja, domin kowanne yana da sauran amfani. Amma yau sai matata ta miƙo mini bokiti mai 'yar tsaga ta ce ya yi kwandem, a sayo wani. Jikana ya dawo daga ƙwallo yana ɗingishi, wai wani ya kwandem masa ƙafa. Yara biyu su kama kokawa a kan titi, ka tambayi dalili, ɗaya ya ce wancan ne ya kwandem masa waya. Na taɓa ji da kunnena a tasha, aka nuna wani tsohon direba da idonsa ya yi rauni aka ce ai wancan kwandem ne. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, na fasa shan shayin da na je sha na dawo shago.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Malam Bawa wankin noti ne. Babana ya kawo ni daga Zauro ya damƙa ni a hannunsa ya ce, "Ga shi nan, Malam. Hannunai na da kyau, amma kainai na da tauri." Malam Bawa ya ce kan ba matsala ba ne, akwai guduma a shago. Ya nuna mini rabin jarka da kananzir a ciki, da tsohon buroshin haƙori. Na yi wata da watanni ina wanke noti ina rarraba su cikin gwangwanayen madara, ko igiyar inji ba a bari na ja ba. Na ɗauka wulaƙanci ne, har na taɓa kai ƙara gida, babana ya ce in koma kafin ya tashi tsaye. Sai daga baya na lura idona ya koyi abin da ba a koyarwa da baki. In na ga noti a ƙasa na san daga ina ya fito a jikin inji, na kuma san wace sifana ce ke kwance shi.

Kayan aikin maigidana ba su cika akwati ɗaya ba. Akwai sifanu, cikinsu da 'yar lamba goma wadda ya ɗaura wa jan ƙyalle saboda yawon tsiyarta, kullum ita ake nema. Akwai filaya, da 'yar guduma da ba a bugun inji da ita sai an sa katako a tsakani, da wata doguwar sukudireba wadda ita ce kunnensa. Inji na aiki zai ɗora bakinta a jikinsa, ya kafa ƙotar a kunne, ya rufe ido. In ya buɗe sai ya ce ringi ne, wato zoben cikin inji, ko boris ne, inda ƙarfe ke juyawa, kuma a buɗe a tarar haka ne. Na sha gwadawa in ya tafi masallaci. Abin da nake ji kawai ƙara, sai kunnena ya yini yana kuka.

Bayan shagon akwai tsibin matattun injuna a ƙarƙashin rumfar kwano. Mu yara muna ce masa kwandem, shi yana ce masa rumbu. Duk injin da mai shi ya haƙura ya bari, can ake kai shi, ba a sayar wa 'yan gwangwan ko da sun yi sintiri sun gaji. Yakan ce inji ba ya mutuwa gaba ɗaya, wani wuri ne ke mutuwa a jikinsa, sauran suna nan suna jiran wanda zai buƙace su. Yana da doka guda a kan kalmar nan: ba yaron da zai ce inji ya yi kwandem sai ya kwance shi har ciki, ya ɗauko abin da ya mutu a tafin hannu ya nuna. Wanda bakinsa ya riga hannunsa, ranar shi ke share shago ya ɗebo ruwa. Na yi shara ba kaɗan ba.

Yanzu ba shagon da ke da irin wannan rumbu, har nawa. Injuna 'yan Chana sun yi arha, ƙarfe kuma ya yi daraja a sikeli, ba mai haƙurin bar maka mataccen inji. Ga kuma injuna masu aiki da hasken rana sun shigo fadama, shiru kamar ba a ban ruwa. Ba na ƙin su, sun rage wa manomi wahalar fetur. Amma ina kewar lokacin da in ka tsaya a Zauro da rani kake jin injuna ta ko'ina, ina iya ce maka wancan na wane ne, wancan kuma mu muka gyara shi bara.

Manomi kuwa ba ya kawo inji sai da magana ɗaya: "Jiya lahiya lau shike." Ka buɗe ka tarar mai ya daskare kamar kwalta, ba a taɓa canza shi ba tun ranar da aka sayo injin. Wani ya haɗa fetur da kananzir don ya yi auki, ya rantse maka bai san yadda aka yi ba. Akwai wanda ya kawo nasa an ɗaure salansa da waya, tanki da roba, inda ke yoyo an liƙe da sabulu. Malam Bawa ya zagaya shi ya ce, "Wanga inji ba gyara shika so ba, haƙuri shika so a ba shi." Masuntan Argungu, da ke ɗaukar inji su yashe tafki in ruwa ya janye don su kwashi kifi, su fankar ruwa suke cinyewa saboda laka. Amma ba ma ƙin ganinsu, domin ba sa zuwa hannu rabbana, da busasshen kifi a takarda suke sallama.

Abin da ya raba aikinmu da na sauran makanikai shi ne lokaci. Mota in ta lalace, mai ita ya hau babur ya yi harkarsa. Injin ban ruwa in ya tsaya da rani, shinkafa ba ta jiran kowa. Ƙasar fadama tsagewa take yi kana gani, ganye ya naɗe, mai gona ya zo ya tsuguna a ƙofar shago ya ƙi tafiya, ko abinci ba ya iya ci. Duk wanda ya yi aiki da irin wannan ido a bayansa ba zai ce sana'ar nan wasa ce ba.

Shekarar babban ruwa ina babban yaron shago, har Malam Bawa ya fara barina in buɗe inji ba ya tsaye a kaina. Damina ta yi kyau, shinkafa ta yi ciki, kowa na murna, sai gulbin Rima ya cika ya tumbatsa ya haura. Daga Augie har Zauro fadama ta koma ruwa ɗaya, in ka tsaya a tudu ba ka ganin komai sai kawunan itatuwa. Shinkafa ta tafi. Rumbunan da ke gangare suka narke. Injunan da mutane suka ajiye a bukkokin gona da ɗakunan ƙasa, ruwa ya zauna a kansu har ya gaji don kansa.

Da ya janye, ba abin da ya rage wa mutane sai noman rani, shi kuma ba ya yiwuwa sai da inji. A nan aka yi ɓarna ta biyu, wadda mu masu gyara ta fi yi mana ciwo. Injin da ya nutse bai mutu ba. In aka kawo shi yadda aka tsamo shi, za a juye ruwan, a wanke cikinsa da kananzir, a shanya a rana, a sa sabon mai, galibi ya tashi. To amma wane manomi ne zai tsamo injinsa daga laka ya ƙi jan igiya ya gani? In ya ƙi tashi ma da sauƙi. In kuwa ya tashi da ruwa da yashi a cikinsa, nan take yashi zai cinye ringi ya karce ciki, wani har sandar da ke riƙe fistin ta karye. Daga nan sai a kira mai gyara na ƙauye, ya duba ya girgiza kai ya ce kwandem.

'Yan gwangwan suka ji labari. Suka bazu cikin ƙauyuka da kura da sikeli suna kira, "Kwandem, kwandem, a kawo kwandem!" Ba na zaginsu, sana'arsu ce, mutane kuma suna cikin yunwa. Mutum zai ɗauko injin da ya sayar da bijimi ya saya, a ɗora shi a sikeli kamar buhun albasa, a ba shi abin da zai auno gero. A gabansa za a sa guduma a raba farin ƙarfe da baƙi. Da yawa daga cikin injunan nan wanki kawai suke buƙata.

Cikin wannan hali, wata rana da hantsi, a-kori-kura ta tsaya a bakin titi aka sauke wani dattijo da inji cikin buhu. Dogo ne siriri, ƙafafunsa duk faso, da hular saƙa da ta koɗe. Shi ya ɗauko injin a ka har ƙofar shago. Ya yi sallama, ya gaida Malam Bawa gaisuwa mai tsawo, har da jajen ruwa. Ya ce sunansa Nomau, daga Gulma, can wajen Argungu.

"Nan na wurin mai gyaran kwandem?" in ji shi.

Mu yaran shago muka dubi juna. Malam Bawa ya ce, "Wa yac ce maka haka, Baba Nomau?"

"Can Argungu anka hwaɗa min. Injina na yak kamu da kwandem. Yaron da ka duba muna inji Gulma ya ce kwandem ta. Nat tahi da shi Argungu, duk wanda yad duba sai shi ce kwandem ta, su ba su iya mata. Na ƙarshe yac ce in taho Birni, Nasarawa, in tambayi Malam Bawa, shi ka gyaranta. Suna ta dariya, ni ko ban ga abin dariya ba."

Nan take muka gane. Masu gyara na Argungu ne suka yi wa maigidanmu tsiya, sun san dokarsa a kan kalmar nan, kuma akwai wasa tsakaninsu. Shi kuma dattijon, ga alama, ya ɗauka kwandem sunan wata cuta ce ta inji, kamar yadda akuya ke kamuwa da zawo. Dariya ta taso mini har wuya. Malam Bawa ya juyo ya yi mini wani kallo, ta koma inda ta fito.

"Ka zo wurin da ya dace," in ji shi. "Muna taɓawa. Amma sai mun buɗe mun ga irin wadda tak kama shi, don iri-iri ta. Shehu, buɗe."

Na shimfiɗa buhu na buɗe injin, dattijon na tsugune a gefena yana bin hannuna da ido. Laka ce ta fito ta inda mai ya kamata ya fito. Fistin ya manne, sandarsa ta karye, ta kuma daki gefen bulo, wato gangar jikin injin, ta tsaga shi har farce na shiga. Wannan ko a dokar Malam Bawa kwandem ne na gaske, mai shaida. Na ɗauko karyayyen ƙarfen a tafin hannu kamar yadda aka koya mini, na ja maigida bayan shago na ce a hankali, "Maigida, wanga kam ai..."

"Na gani," in ji shi. "Rufe bakinka."

Ya koma ya zauna kusa da dattijon ya tambaye shi halin gona.

"Iri nika reno, Malam," in ji Nomau. "'Yar shinkahwar da tsohuwata tar rataye ga rufin ɗaki, ita kaɗai ruwa bai kai gare ta ba. Jikoki na kukan yunwa munka hana su ita. Na zuba ta, ta hito, da guga muka ba ta ruwa. Ta kusa isa dashe. In ba inji gona ba ta jiƙa, irin shi tsuhwa nan inda shike, shi ke nan."

"Maƙwabta hwa, ba mai ara maka?"

"Duk sun sai da nasu ga masu kura. Ni nac ce a'a. Abu ba shi da lahiya, ai magani aka nema mai."

Malam Bawa ya murza gemu. Can ya miƙe ya ce mu ture sauran aiki gefe, mu shiga rumbu. Muka yini muna ɗaga matattun injuna ɗaya bayan ɗaya, kunamu da ƙadangaru na gudu, tsatsa ta rine mana hannu. A can ƙasa muka samu wani irin na Nomau, wanda wani mutumin Zauro ya bari shekarun baya. Nasa cikin ne ya lalace, bulon lafiya lau. Fistin da sandarsa muka ciro daga wani daban. Ringi kuwa sababbi maigida ya fito da su daga cikin akwatinsa.

Haɗa inji ɗaya daga gawa uku ba kamar yadda kuke gani a waya ba ne. Wani noti ya karye a cikin bulon da muka samo, tsatsa ta kama shi, sai da na yi rabin yini ina ɗiga masa mai ina lallaɓa shi da bakin ƙusa kafin ya juya. Gasket, wato faifan da ake sawa tsakanin ƙarafa don hana yoyo, babu irinsa a kasuwa, duk an saye. Malam Bawa ya ɗora kwali mai kauri a bakin ƙarfen yana bi da 'yar gudumarsa a hankali, ƙwas-ƙwas, har siffar ta fito da ramukanta. Koyil ɗin da ke ba da wuta muka ɗora a kan kwanon rumfa ya sha rana, muka mayar, ba wuta. Muka ciro wani, shi ma haka. Sai na uku ya ba da ɗan tartsatsi shuɗi.

Nomau ya ƙi komawa gida. Kullum da safe yana tsugune a inuwar shago, in an ba shi abinci ya ci rabi ya ƙulle rabi. Lokaci-lokaci sai ya ce, "Malam, kwandem ɗin ta hwara hita?" Malam Bawa ya amsa ba ko murmushi, "Tana hita, Baba, kaɗan-kaɗan." Ni kuwa haushi ya fara kama ni, ga injunan mutane a layi, masu su na zuwa suna yi mini faɗa. Na samu maigida shi kaɗai na ce, me zai hana a gaya wa tsohon nan gaskiya, injinsa ya mutu, wani ne muke haɗa masa. Ya ce, "Tanki nashi na, hwankar ruwa tashi ta, jan ƙarhen da ka riƙe su nashi na. Wa yac ce maka wani inji na? Kai dai ɗaure noti."

Ranar da muka gama, ni aka ba igiya. Na ja ya yi tari ya yi shiru. Na sake ja, ya tofar da baƙin hayaƙi ya kama, da farko yana rawa, sannan ya daidaita. Malam Bawa ya kafa masa doguwar sukudireba ya rufe ido ya daɗe, ya buɗe ya gyaɗa kai. Nomau bai yi tsalle ba, bai yi kabbara da ƙarfi ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan tanki ya bar shi a nan yana jin motsin. Maganar abin da zai biya ba a yi ta a gabana ba. Maigida ya ce in bi shi Gulma in kafa injin da hannuna, domin sabon ringi ba ya son garaje.

Mun isa fadamar Gulma rana ta take. Ban taɓa ganin fadama shiru haka da rani ba, ko inji ɗaya ba ya kuka. Gonar Nomau ta tsattsage, ƙafa na faɗawa cikin tsaga. A gefen rijiya ga ɗan fangalin irin, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kore, amma bakin ganyen ya fara yin rawaya. Maƙwabta suka taru. Wani mai suna Maidamma, sa'an Nomau ne kuma abokin wasansa, ya ce, "Nomau, ka kai gawa Birni an yi mata wanka ka maido ta?" Aka yi dariya. Nomau ya ce masa ya matsa kar ya taka mesa.

Na haɗa mesa, na cika fanka da ruwa, na ja igiya. Injin ya tashi lafiya lau, amma ruwa ya ƙi fitowa. Na kashe na sake cikawa na tayar, bakin mesa a bushe. Na ji wani a baya yana cewa ai dama an faɗa. Na tuna maigida, na daina kallon mutane na kasa kunne. Can na ji wani ɗan siririn fito a jikin mesar da ke shiga rijiya: ta tsage a inda ta daɗe a naɗe, iska take zuƙa maimakon ruwa. Na ce a ba ni roba. Wani ya kwance ta kekensa ya miƙo, na naɗe wurin tam, na sake cika fanka na ja.

Mesa ta motsa kamar abu mai rai, ta yi aman laka, sannan ruwa ya biyo, fari, da ƙarfi. Ya bi kwari ya shiga fangali na farko, ƙasa na sha tana ƙara, tsaga na rufewa. Maidamma ya tsuguna ya sa hannu a ruwan ya daɗe bai cire ba, ya ce a hankali, "Nawa ko buɗe shi ba a yi ba, anka sa mai guduma." Can ya ɗago ya ce, "Nomau, in ka gama...?" Nomau ya ce, "Ka samo hetur. Kai da duk mai iri." Injin nan shi ya shayar da gonarsa da na maƙwabtansa na kusa har girbi, ana bi da bi, kuma shinkafar ta yi.

Da la'asar Nomau ya rako ni bakin hanya in samu motar Argungu. Ina tafe ina jin kaina, na haɗa inji na kuma fitar da ruwa a gaban jama'a. Sai na ga ya kamata in yi wa tsohon nan alheri guda, in fahimtar da shi, don kar a sake yi masa dariya a kasuwa. Na ce, "Baba, bari in hwaɗa maka wani abu, kar ka ji haushi. Kwandem ɗin ga ba cuta ta ba. Turanci na. In anka ce abu ya yi kwandem, ana nuhin ya mutu, a yas da shi."

Bai tsaya ba, bai ma dube ni ba. Ya ce, "Na sani, ɗana."

Na ja na tsaya. "Ka sani?"

"Tun ranad da yaron Gulma yaf faɗa. Jikana na zuwa makaranta, shi yab bayyana min. Na kuma san abin da 'yan Argungu ka ma dariya."

"To don mi, Baba? Kat taho har Birni ana..."

"In nac ce na gane, mi yar rage? In aza inji ga sikeli in karɓi na gero, in koma gida in ce ma tsohuwa, shinkahwar da munka hana jikoki ci, ƙasa munka ba. Ban iya wagga magana. Nag ga gara in zama wanda bai gane ba, in yi ta yawo da buhu ga kai ana dariya, har Allah shi kai ni ga wanda ba shi dariya."

Tausayinsa ya kama ni, da wani irin girmansa da ban gani ba duk kwanakin da ya yi a tsugune a ƙofar shagonmu. Ya miƙo mini hannu muka yi musabaha, ya ce in gaida Malam in ce masa ruwa ya fito. Bai jira motar ta zo ba. Ya ce fangali na biyu ya kusa cika, ba wanda ya bari a kan mesa, ya juya ya koma gona da sauri.